Zabiya da zafin rana

Kumasi babban birni ne a ƙasar Gana. Fiye da shekara 100 ke nan da Hausawa fatake masu neman goro suka zauna a can. Unguwarsu ita ce Zango. A Kumasi rana tana da ƙarfi duk shekara. Ko da gajimare ya rufe ta, haskenta yana isa jikin mutum.

A cikin fatar mutum akwai wani sinadari mai suna melanin. Shi ne ke ba fata launinta, shi ne kuma ke kare ta daga rana kamar laima. Baƙar fata tana da shi da yawa. Amma akwai yaran da ake haihuwa da ɗan kaɗan, ko babu sam. Su ne zabiya. A Zango akwai su, kamar ko'ina a duniya. Zabiya ba ciwo ba ne da ake ɗauka wajen wasa ko cin abinci tare. Gado ne daga wajen uwa da uba.

Idan zabiya ya daɗe cikin rana, fatarsa takan yi ja, ta ƙone. In haka ta yi ta faruwa shekara da shekaru, sai wani gyambo ya fito, ya ƙi warkewa. Wannan yana iya zama sankarar fata, ciwon da ke kashe zabiya da yawa a Afirka tun suna matasa.

Rigakafi ya fi magani. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, zabiya ya zauna a inuwa. In fita ta kama, ya sa malafa, da riga mai dogon hannu, da tabarau. Ya shafa man kare fata mai lamba 30 ko 50, ya sake shafawa bayan awa 2. Kada a ɗora masa talla ko a aike shi kasuwar Kejetiya da tsakar rana. A makaranta, abokansa su yi wasa da shi a gindin itace, kuma kada su tsokane shi.

Mai baƙar fata ma bai tsira gaba ɗaya ba. Wata sankara mai suna melanoma takan fito masa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Duk tabon da ke girma, ko yake canza launi, ko yake jini, a nuna wa likita da wuri. A Kumasi akwai babban asibitin Komfo Anokye. In an ga ciwon tun yana ƙarami, ana iya cire shi mutum ya warke.

A shekarar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga watan Yuni ta zama ranar zabiya ta duniya.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin melanin?
2. Don me rana ta fi cutar da zabiya?
3. Ku faɗi abu 3 da ke kare fata.
4. Wane irin tabo ake nuna wa likita?

Aiki
Ku zana malafa a allo. Ku rubuta sunanta da Hausa da Faransanci.