Darasin Zoben Takarda

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Jos, wani yaro ya yi mini tambaya a gaban aji, na rasa amsa. Ga labarin, ko ya amfani 'yan'uwana.

Na yanki takarda mai tsawon inci 24 da faɗin inci 3, na juya baki ɗaya ya kife, sa'an nan na liƙa bakunan biyu. Wannan shi ne zoben da Möbius, wani masanin Jamus, ya bayyana a 1858. Na ja layi ta tsakiyarsa, ya zagaya sau ɗaya ya koma mafarinsa. Sai yaron nan ya soma nasa layin inci 1 daga gefe. Nasa bai koma ba sai da ya zagaya sau biyu. Muka bi layinsa da almakashi, sai ga zobba biyu a sarƙe, ɗaya ya ninka ɗaya tsawo. Ya ce, "Malam, layinka zobe ne, nawa ma zobe ne. Me ya raba su?" Na ce a bari sai gobe, gama ban sani ba.

Amsar tana cikin wani reshen lissafi da ake kira tofoloji, watau ilmin siffa ba tare da awo ba. Ku dubi asabari. Kowane tsinke yana kwance kusa da ɗan'uwansa, in ka matsa daga wannan zuwa wancan ba abin da ya sake. Wannan shi ne jeri mai tsari. A 1977 Coram da Duvall na Amurka suka sassauta ƙa'idar, suka ce a yafe ɗan karkacewa ƙanƙane. Tambayar da ta biyo baya ita ce: in dukan tsinkayen siffarsu ɗaya, lalle ne jerin ya zama mai tsari? Zobenmu ya ce a'a. Dukan layukansa zobba ne, amma maƙwabta suna nannaɗe na tsakiya sau biyu.

Akwai siffofin da ba su yarda da irin wannan ba. A 1989 Robert Daverman ya sa musu suna faibireta. Ga hanyar gane waɗansunsu, da ƙidayar Euler. Ɗauki kwalin ashana: kusurwa 8, a ɗebe gefe 12, a ƙara fuska 6, saura 2. Bayan ƙwallo ma 2 ne. Zobe kuwa, a ɗauke shi kamar alwatika: kusurwa 3, a ɗebe gefe 3, saura 0. Bayan gammo, irin wanda masu ɗaukar kuza suke ɗora kwano a kai, shi ma 0 ne.

To, in siffa ta lulluɓe wata sau biyu daidai, lambarta takan zama ninkin ta waccan. In kanta ta lulluɓe, dole lambar ta zama ninkin kanta. Biyu sau biyu 4 ne, ba 2 ba, saboda haka ƙwallo ba ya iyawa. Amma sifiri sau biyu sifiri ne, don haka ƙofa a buɗe take ga zobe da gammo. Daverman ya nuna cewa, in abin da aka jera su a ciki ya fi su da fuskar awo biyu, dukan rufaffun shimfiɗu faibireta ne, sai gammo da kwalabar Klein kaɗai, masu lamba sifiri.

Kashegari na kai kwalin ashana da gammo aji, muka ƙidaya tare. Yaron ne da kansa ya fara cewa, "Ashe sifiri ne ya ba shi dama."

Ya ku 'yan'uwa, kafin ku kai zoben nan aji, ku yanka shi a ɗaki tukuna, ta tsakiya da ta gefe. In kuwa yaro ya tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku faɗi gaskiya, ku nemo amsa, ku kawo masa.