Yadda Za Mu Ajiye Irin Dankali Daga Kaka Zuwa Damina

A ƙasashen sanyi kamar Ingila akwai wani fure da ake kira begoniya, wanda yake yin 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa kamar gwaza. Da zarar sanyi ya gabato sai masu lambu su tone shi, su bari ya sha iska, su binne shi cikin busasshen yashi a ɗaki har ɗari ya wuce, sannan su sake dasawa. Su ƙanƙara ce abokiyar gabarsu. Mu kuwa a nan ƙasar Funtua da Malumfashi rani ne namu, domin daga tsakiyar Oktoba har zuwa Mayu da wuya ɗigon ruwa ya sauka. Amma dabarar ɗaya ce, kuma tana da amfani ƙwarai ga dankalin Hausa, wanda wasu ke kira lawur.

Kamar yadda kowane ɗan manomi ya sani, ba a shuka dankali da ƙwaya irin ta masara ko dawa. Yaɗonsa ake yankowa a dasa a kunya. To a nan matsalar take. Bayan an gama kaka ana sakin dabbobi, abin da akuya ta bari kuma rana ta ƙone shi. Wanda yake da fadama, ko yake kusa da madatsar ruwa irin ta Mairuwa, yana iya renon yaɗo duk tsawon rani. Sauran jama'a sai su jira ruwa ya sauka, guntayen dankalin da suka ɓuya a gonar bara su tsiro, su yi tsawo, kafin a sami abin yanka. Kafin nan an shiga Yuli ko ma Agusta. Ga dashe ya makara, ga irin sau da yawa yana ɗauke da cuta, wanda kuma ya ce zai saya ya saya da tsada. Abin takaicin shi ne, dankali yana nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Da an dasa shi a farkon Yuni, da ya iso daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma dawa ba ta nuna ba.

Masana na Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya, wadda hedkwatarta ke birnin Lima na ƙasar Peru, sun gwada ajiye iri cikin yashi tare da manoma a Uganda da Tanzaniya, daga baya aka kai dabarar Habasha da arewacin Gana, inda rani yake da tsawo kamar namu. Ba ta bukatar magani ko inji, sai kula.

Aikin yana farawa tun dankali yana gona. Mu zaga mu sa alama a gindin da ganyensa ke da lafiya, ba wanda ya nannaɗe ko ya yi ɗige-ɗigen rawaya ba, gama irin wannan cutar tana bin ɗan dankalin har shekara mai zuwa. Idan ƙasa ta tsage a jikin kunya mu rufe ta, domin ta wannan tsaga ce ƙwaron dankali mai dogon baki yake shiga ya yi ƙwai. Shi ne yake sa dankali ɗaci da wari. Yana da kyau kuma a yanke ganyen kamar kwana 10 zuwa 14 kafin tono, don ɓawon ya yi ƙwari.

Ranar tono a yi hankali. Dankalin da hauya ta sara ko ya ƙuje, a kai shi tukunya. Haka ma wanda ke da ko da ƙaramar huda guda, domin ƙwaro ɗaya ya isa ya lalata daro guda. Manya-manyan nan da ke burge mu a kasuwa ba su ne na iri ba, ƙanana ƙwarai kuma sukan bushe kafin lokaci. Matsakaici ake so, wanda hannu zai iya riƙewa. Kada a wanke shi. A kakkaɓe ƙasar, a shimfiɗa shi a inuwa kwana biyu ko uku. Dalili kuwa, dankali abu ne mai rai, yana numfashi, kuma idan ya sami ɗumi da ɗan laima yakan yi sabon ɓawo ya rufe ƙananan raunukansa, kamar yadda miki yake warkewa a jikin mutum. A manyan ɗakunan ajiya na Amurka ana yin wannan da zafin digiri 29 zuwa 30 na santigired har kusan mako guda. Mu Allah ya ba mu irin wannan ɗumi kyauta a watan Oktoba da farkon Nuwamba.

Sai batun yashi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Yashin rafi ake so mai tsakuwa-tsakuwa, ba rairayi mai laushi ba, don iska ta riƙa ratsawa. Ya bushe ƙayau, ya kuma huce. Wanda aka kwaso daga rana da zafinsa zai dafa dankalin, mai laima kuma zai ruɓar da shi. A sami tsohon daro ko babbar tukunya, a shimfiɗa tsohuwar jarida, a zuba yashi kamar inci biyu, a jera dankali ba tare da wani ya taɓa wani ba, a rufe, a sake jerawa. Hawa biyu ko uku ya isa. Yashin ƙarshe ya kai inci huɗu, saboda ɓera da ƙwaro. A ajiye a ɗaki mai sanyi, nesa da murhu. Ɗakin ƙasa mai jinka ya fi na kwano, musamman a watan Maris. Kada kuma a bar shi a waje cikin hunturu, domin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 yana ɓata cikin dankali. A kuma gaya wa mutanen gida cewa wannan iri ne, domin mun san yadda ƙanne suke da gasasshen dankali lokacin ɗari.

Kowane wata a juye daron a duba. Wanda ya ruɓe ko ya nuna ƙwaro a fitar da shi tare da yashin da ke kewaye da shi. Idan tsiro ya fito tun a Disamba ko Janairu a karye shi, in ba haka ba zai tsotse ɗan dankalin. A dubawar ƙarshe kuwa a bar tsiron.

Saura mako shida zuwa takwas damina ta kankama, watau wajen farkon Afrilu a wurinmu, sai a gyara ɗan komi a bayan gida ko kusa da rijiya, a zuba takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai. A binne dankalin zurfin inci biyu, tazarar kamar ƙafa biyu tsakani, a riƙa ban ruwa sau biyu a mako. Shinge wajibi ne, gama a wannan lokaci babu wani ɗanyen ganye a gari sai shi. Dankali 40 da aka kula da su suna iya ba da yanka fiye da 1,000 idan an yi yanka biyu ko uku. A yanki kan yaɗon, tsawon ƙafa ɗaya, a bar gindin, domin a can ƙwaro yake ajiye ƙwansa, kuma daga can ne sabon tofo zai fito.

Wannan hanya ta fi muhimmanci ga wanda ya sami sabon irin nan mai jan ciki, wanda cibiyar bincike ta Umudike ta fitar a 2012 da 2013. Yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai gyara ido da ƙara wa yara ƙarfin jiki. Ba a kowace kasuwa ake samun yaɗonsa ba, saboda haka wanda ya bari nasa ya mutu da rani zai sha wuya kafin ya sake samu. Muna ba ɗaliban kwana shawara su yi ajiyar a gida lokacin hutun Kirsimeti idan akwai sauran dankali mai kyau, su bar wa wani babba amanar dubawa, su kuma yi komin da hannunsu a hutun Ista.