Shawarwari ga Magidanta: Kada Ruwan Damina Ya Ci Mana Yara

Da zarar malka ta kankama a watan Agusta, ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji takan sauya kama. Ramukan da aka ɗebi ƙasar gini da rani su cika su zama kududdufai, fadamu su kwanta da ruwa, Gulbin Maraɗi ya kawo daga wajen Jibiya ya ratsa Madarunfa da Tibiri ya nufi Gidan Rumji. A daidai wannan lokaci ne kuma gidaje ke zama wayam da hantsi: maigida na gandu, uwargida na gamanarta, yara na hannun yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci kusan mutum 300,000 a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. A nan gida, ambaliyar daminar 2024 ta hallaka fiye da mutum 300 a Nijar, jihar Maraɗi ce ta fi kowace jiha yawan mamata. Waɗancan an ƙirga su saboda bala'in ya zo da ƙara. Yaron da ya faɗa kududdufin bayan gida ranar Talata da hantsi, a yi masa sutura kafin la'asar, sau da yawa ba ya shiga littafin kowa. Dominsa na rubuta waɗannan shawarwari.

1. A fara da ruwan cikin gida. Yaro mai rarrafe ko tatata nauyin kansa yakan rinjayi jikinsa. In ya leƙa bokiti ya kifa, ba ya iya ɗago kansa, kuma ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba ya isa ya toshe masa hanci da baki. A zubar da ruwan wanki da zarar an gama, a kife baho da daro, a rufe randa da tano da murfi mai nauyi. Kada a bar jariri cikin ruwan wanka a tafi duba tukunya, ko da ƙiftawar ido ce.

2. Rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa a ɗaga mata baki, a yi mata murfi. Sabon ramin masai da ba a kai ga rufewa ba a shinge shi da ƙaya ko darni tun kafin ruwan farko.

3. Kada a ɗora rainon yaro a kan yaro. Wannan ce shawarar da ta fi kowace nauyi a wurina, ita ce kuma ta fi wuyar bi, domin uwar da ta bar goyonta a hannun yarinya ƴar shekara 7 ba sakaci ya sa ta ba, noma ne ba ya jira. Amma ƴar shekara 7 ita ma wasa take so. Nutsewa kuma shiru take zuwa: yaro ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, domin duk ƙarfinsa na wajen neman numfashi. Kafin mai rainon ta waiwayo an gama.

A ƙasar Bangaladash, inda kusan kowane gida ke da tafki a kusa, an lura yawancin ƙananan yaran da ruwa ke ci suna mutuwa ne tsakanin safe da azahar, lokacin da iyaye mata suka fi shagala da aiki. Sai aka buɗe gidajen raino a ƙauyuka, mace biyu su riƙe yara 20 zuwa 25 daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 1. Binciken da aka yi ya nuna haɗarin nutsewa ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 ga yaran da ke zuwa. Ba wani gini ba ne, ɗaki ne da tabarma da babba mai ido.

Matan da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru za su iya wannan. Gida 10 su haɗu, a ware wata dattijuwa mai sauran ƙarfi da mataimakiya guda, a tara mata yara a zaure ko ƙarƙashin inuwar da aka kewaye. Ladanta ya zama tiyar hatsi daga kowane gida in kaka ta yi, ko a yi mata gayyar gonarta. Ko kuma a yi karɓa-karɓa, yau wance ta zauna, sauran su nome mata.

4. Yaro in ya kai shekara 6 a koya masa iyo. Na san iyaye da yawa bulala ce maganinsu, duk yaron da ya dawo da jiƙaƙƙen wando ya sha duka. Dukan ba ya hana shi komawa tafki, sai dai ya koya masa zuwa a ɓoye, inda babu babba. Gara a koya masa a gaban idonka.

Ba sai da wurin wanka irin na otel ba. A Bangaladash ɗin da itacen gora suke kafa shinge da dandamali a gefen tafki, ruwa iya ƙirjin yaro, a koyar har ya iya ninƙaya mita 25 ya kuma tsaya kan ruwa daƙiƙa 30. Mu ma muna da malamai: masuntan tafkin Madarunfa da na bakin gulbi sun san ruwa tun suna yara. Sharaɗi shi ne ruwa mara gudu, a taka ƙasansa a tabbatar babu rami babu laka mai riƙe ƙafa, a ja igiya a yi iyaka, kuma malami ɗaya kada ya wuce yara 5 a cikin ruwa. Ƴan mata ma a koya musu, a hannun mata, a lokacinsu na daban. Su ne fa masu wanki da ɗiban ruwa a bakin tafki.

A kula da tsargiya, domin ruwan kwance gidanta ne. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi gidan likita, kuma kada a hana yara shan maganinta in an zo rabawa a makaranta.

5. Gulbi yakan kawo ko da ba a yi ɗigon ruwa a garinku ba, domin ruwan da ya sauka a ƙasar Katsina ne ke gangarowa. Haka koramun da ke zuba cikin Gulbin Kaba ta wajen Gazawa. Ruwa mai gudu da ya ɗara idon sawu yana iya kayar da babba, balle yaro mai tallar fura a ka. Ranar da korama ta kawo, talla da aike da makaranta duk su jira. Mai amalanke da ɗan kabu-kabu ma su jira, kada fasinja ya matsa musu.

6. Mai farfaɗiya, yaro ko babba, kada ya je bakin ruwa shi kaɗai, ko wanka ne a gida a bar wani kusa. Yaran kiwo kuma a ja musu kunne: in tunkiya ta zurma, a bar ta a kira manya.

7. Wanda ya ga wani na nutsewa ya yi kururuwa, ya miƙa masa sanda ko zani ko rawani yana kwance rub da ciki a gaɓa, ko ya jefa masa jarka mai murfi da babu komai ciki. Kada ya faɗa. Mai nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya iso shi, shi ya sa ake jin gida ɗaya ya yi rashin wa da ƙane rana guda. Kowane kududdufi mai zurfi ya kamata a ajiye masa doguwar sanda da jarka ɗaure da igiya, kuma yara su san na mene ne.

8. In an fito da shi, a bar al'adar danna ciki da riƙe yaro ta ƙafa ana jujjuyawa wai ruwa ya fita. Ɓata lokaci ne, kuma amai na iya komawa huhu. Iska yake bukata. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji da sauri sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har ya motsa ko taimako ya iso. In yana numfashi a juya shi gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Ko ya miƙe yana magana a kai shi gidan likita ranar, domin ruwan da ya shiga huhu kan tayar da ciwo bayan sa'o'i. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, amma a karkara irin Gangara ko Gidan Sori hannun da ke kusa shi ne zai fara aiki. A roƙi ma'aikatan lafiya ko ƴan agaji na Croix-Rouge su nuna wa unguwa a aikace, karatu kaɗai ba ya isa.

9. A nemi hannun kamfanoni da masu hali, amma a san abin da za a roƙa. Aikin Bangaladash ya faɗaɗa ne da kuɗin gidauniyar Bloomberg ta Amurka, daga baya a 2022 gwamnatin ƙasar ta karɓe shi ta sa cikin shirinta. Mu ma akwai kamfanonin waya irin su Airtel da Moov da Zamani, akwai kamfanonin aika kuɗi da na sufuri, ga alhazan Maraɗi da ba su taɓa gajiya da gina masallaci da haƙa rijiya ba. Kada a karɓi riguna da huluna da biki na yini ɗaya. A nemi ladan masu raino na wata 4 na damina, da ladan masu koyar da iyo, da murafen rijiyoyi, da saƙon gargaɗi ta waya da gidajen rediyon karkara in gulbi zai kawo.

Duk kamfanin da ya ɗebi birji ko yashi don aikin hanya kuwa, cike ramin ko kewaye shi ba alfarma ba ce, bashi ne a kansa. Irin waɗannan ramuka gaɓarsu a tsaye take kamar bango, yaro taku ɗaya zai yi daga ruwa iya gwiwa zuwa inda ya shanye kansa. Maigari da magajin gari su sa wannan a rubuce tun kafin motar farko ta fara haƙa. In jama'a na son a bar ramin don shayar da dabbobi, a kwantar da gaɓarsa, a bar mashiga ɗaya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli, tun daga 2021, a matsayin ranar yaƙi da nutsewa, kuma ta faɗo mana daidai bakin malka. Ina roƙon limamai su yi huɗuba a kai ranar Juma'ar da ta gabace ta. Kai kuma maigida, kafin ranar ka zagaya unguwarku da ƙafa, ka ƙirga ramuka da rijiyoyin da ke buɗe, ka kai wa maigari lissafin.