Kasuwa a cikin salula

Maraɗi garin ciniki ne, kowa ya san haka. Ran Litinin da ran Juma'a babbar kasuwa takan cika maƙil. Mutanen Tsibiri, da na Jiratawa, da na ƙauyukan gulbi, duk su hallara da kayansu. Baduku ya kawo jaka da takalmi. Maginiya ta kawo tulu da kasko. Mai saƙa ta kawo faifai da tabarma. Mai saye ya ɗauka, ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa, sa'an nan ya taya. A yi masa albarka, ko a sallama.

Yau an sami wata kasuwa ta biyu, wadda ba ta da rumfa, ba ta da ranar ci. Tana cikin salula. Mace tana zaune ɗakinta a unguwar Zariya, sai ta ɗauki hoton zanen gadon da ta yi wa ado, ta sa shi a WhatsApp ko Facebook. Wata a Yamai ta gani, ta aiko kuɗi, a sa kaya a mota. A gidaje da yawa yarinya ce ke ɗaukar tire tun safe, ta tafi talla. Yanzu salula tana iya yin wani ɓangare na wannan talla, ita kuwa yarinya ta tafi lakkol.

To, amma ƴan'uwa, wannan kasuwa tana da wuyar sha'ani. Mai saye ba ya taɓa kaya. Mai sayarwa ba ya ganin kuɗi a tabarma. Ba dillali, ba shaida. Abin da ya rage tsakaninsu, magana ce da amana. Shi ya sa mai bik da kaye ya fi wanda ya dogara da kansa, don kai yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa.

Hoto

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A salula hoto shi ne gani. Ku goge idon salula da tsumma mai laushi. Ku ɗauki hoto da safe ko da la'asar, a inuwa mai haske. Hasken ƙwai na dare yana sauya launi, ja ya koma kamar ruwan goro. Ku shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, kada a ga kwanoni da takalman gida a bayan kaya. Ku ɗauki gaba, ku ɗauki baya, ku ɗauki ciki. In jaka ce, a nuna ɗinki kusa-kusa. A aza hannu kusa da ita don a gane girmanta, ko a auna da mitar tela a rubuta tsawo da faɗi.

Kada ku ɗauko hoton kayan wani ku ce naku ne. Wasu suna yin haka don kayan su yi kyaun gani. Ranar da saƙo ya isa, mai saye ya buɗe ya ga wani abu daban, ciniki ya mutu. Ba shi kaɗai za ku rasa ba, har danginsa da abokansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Gaskiyar ma tana da nata kwarjini. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen Turai, saboda laushi da ƙarko. Tun shekarar 1963 aka kafa cibiyar kiwon wannan akuya a nan Maraɗi. Baduku da ya yi aiki da ita, ya faɗa da babbar murya. Maginiyar Jiratawa ta ce wannan kasko ginin Jiratawa ne. Sunan gari ma talla ne. In kuwa da roba aka yi shafin ciki, shi ma a faɗa.

Ƴan'uwa mata, kaya ake sayarwa. Ba dole ba ne fuskarku ko ta ƴaƴanku ta fito a hoto. Kada kuma a kwatanta wa baƙo gida. In ɗan gari ne yake son ya karɓa hannu da hannu, a haɗu a shagon wani ɗan'uwa, ko a aika babban yaro.

Farashi

Nan ne masu sana'ar hannu suka fi faɗuwa. Mutum ya lissafa kuɗin fata da zare, ya manta da guminsa. Ya manta da kuɗin kati da na mega. Ya manta da kabu-kabun da ya hau zuwa tasha. Ƙarshen wata ya ga ya yi ta aiki, amma aljihu wayam.

Bari mu yi misali. Kuɗin da ke ciki na misali ne kawai, kowa ya sa na kasuwarsa. A ce baduku zai ɗinka jakar mata. Fata 2500 F. Zare da zik da shafi 1000 F. Aikin kwana biyu, a ce 1500 F kowace rana, ke nan 3000 F. Kwali da leda da kabu-kabu da kuɗin salula 500 F. In an tara, 7000 F ke nan. Wannan shi ne abin da jaka ta ci. Riba ba ta shigo ba tukuna. In ya sayar 6000 F yana murna wai ya sami jika biyu da rabi a kan fata da zare, to ya yi aikin kusan yini guda kyauta. In ya aza ribar 1500 F, kuɗin jaka 8500 F ne. Da yake mutanenmu ba su saye sai sun nemi ragi, yana iya faɗin 9000 F. Amma ya san a ransa inda ba ya sauka.

Zare da yadi da zik, yawancinsu daga Kano suke zuwa. Kuɗinsu yana hawa da sauka tare da naira. A 2023 da 2024 naira ta faɗi ƙwarai, farashi ya yi ta sauyawa. Don haka duk sa'ad da kuka sari sabon kaya, ku sake lissafi. Kada ku sayar da jakar bana da kuɗin bara.

Ga wani abu kuma da ke haddasa rigima, shi ne yadda muke ƙirga kuɗi da baki. Mu a nan da dala muke ƙirgawa, dala ɗaya kuwa 5 F ce. In mun ce «ɗari», 500 F muke nufi. In mun ce «jika», 1000 F. In mun ce «dubu», dala dubu ke nan, wato 5000 F. To, a ce kin aika saƙon murya ga wata a Katsina, kin ce: «Hajiya, zanen gadon dubu uku ne.» Ke kina nufin jika goma sha biyar. Ita kuwa naira dubu uku ta ji. Ga faɗa ya tashi, alhali ba wanda ya yi ƙarya. Ɗan lakkol ma da ya ga an rubuta 100, dala ashirin zai fahimta, ba ɗarin kasuwa ba.

Maganin abin, ku yi magana da murya yadda kuka saba, amma farashi ku rubuta shi da lamba: 15000 F. In da naira za a biya, a rubuta naira, a kuma faɗi canjin wannan rana. Rubutun yana nan cikin salular ku biyu. Ranar gardama sai a koma a duba. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa ajin yaƙi da jahilci.

Kuɗi kafin kaya

In kayan a shirye suke, sai kuɗi sun shigo za su bar gida. In aikin oda ne, kamar hula mai suna ko zannuwan gadon amarya, a karɓi kafin alƙalami, wato abans. Rabin kuɗi ya yi, ko dai abin da zai sayi kayan aiki. Wanda ya ba da abans ba ya saurin fasawa.

Hanyoyin aiko kuɗi suna da yawa. Akwai Nita, da Al Izza, da Amana. Akwai kuma asusun salula irin na Airtel Money. Ku zaɓi wanda ke kusa da ku, ku rubuta sunanku daidai yadda yake a katin shaida, don in suna ya saɓa ana iya hana ku kuɗi.

Ku yi hattara da ƴan damfara. Wani zai turo hoton rasit, ya ce: «Na aiko, Malam, yi sauri, mota za ta tashi.» Hoton rasit ba kuɗi ba ne, ana iya ƙirƙira shi. Ku je ku karɓa, ko ku duba asusunku da idonku. Wani kuma zai kira yana marairaicewa, wai ya yi kuskure ya turo muku kuɗi, ku mayar masa. Ku duba tukuna, sau da yawa ba abin da ya shigo. Lambar sirri kuwa ba a ba kowa, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake. Duk mai ce muku «maza-maza», ku ƙara masa jinkiri.

Sai maganar bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Maƙwabciya tana iya cin bashi, don kun san ƙofarta. Wanda ba ku taɓa gani ba, yana can wani gari, in ya kashe salula ina za ku same shi?

Aika saƙo

Motocin kamfani irin su Rimbo da STM da SONEF suna ɗaukar saƙo zuwa Yamai, da Damagaram, da Tawa, da Agadas. Tun wurin ciniki a yanke wa zai biya kuɗin mota. A rubuta sunan mai karɓa da garinsa da lambarsa a jikin kwali, da manyan baƙaƙe. A karɓi rasit, a ɗauki hotonsa, a tura wa mai kaya, a ajiye na takardar.

Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, kuma buhuna ake jibgawa a kan saƙo. Jaka da hula ba su da matsala, leda da kwali sun isa. Kayan yumɓu fa? Ni dai a ganina randa da babban tulu ba kayan salula ba ne, a bar su wa kasuwar gari. Ƙaramin kaskon turare da asusu suna tafiya. A naɗe kowane da tsumma, a cika tsakaninsu da ƙaiƙayi ko dusar katako, har in an girgiza kwali ba a jin motsi. A kuma shirya tun farko: in ya fashe a hanya, asarar wa?

Masu ciniki da Katsina da Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, su tuna iyaka ba kullum take buɗe ba. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa fiye da shekara guda. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Wanda duk masu sayensa suke ƙetare, irin wannan lokaci zama ya kama shi. Ku nemi masu saye a cikin ƙasa ma.

Kada ku yi alkawarin da hannu ba zai iya cikawa ba. Gab da salla aiki yana yawa. In kuna iya hula goma, kada ku karɓi ashirin. Da damina yumɓu ba ya saurin bushewa, fata kuma tana yin fumfuna. In aikin kwana biyar ne, ku ce mako guda. In jinkiri ya zo, ku riga mai kaya kira.

Kaye

Ku sayi kaye guda na sana'a kaɗai. Ku ja layi shida: rana, suna da gari, kaya, farashi, abin da aka biya, abin da ya rage. Duk oda ta shiga nan tun ranar da aka yi ta. Lambobin masu saye ma a kwafe su a shafin baya, don salula tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. In ta tafi da lambobin, kasuwar ce ta tafi.

Ran Juma'a da dare a tara lissafin mako. A ware uwar kuɗi gefe guda, ba a cefane da ita, ba a biki da ita. Daga riba ake ci. Mata da yawa sun riga sun san wannan tarbiyya daga asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan karkara a jihar Maraɗi a shekarar 1991, daga baya ya bazu ƙasashe da yawa. Mai zubi a irin wannan asusu tana iya ranto kuɗin sarin zare. Salula mai ɗaukar hoto tana da tsada, gaskiya ne. Mata biyar masu sana'a suna iya haɗa kai a kan guda ɗaya, amma kowace da shafinta a kaye, kuma a san wadda ke riƙe da lambar sirri.

Tambayoyi da aiki

1. Don me ba a yarda da hoton rasit?
2. Wata ta ce kaskonta «ɗari uku» ne. Ku rubuta wannan kuɗi da lamba.
3. Faifai ya ci kayan aiki na 400 F, aikin hannu 600 F, leda da salula 100 F. Ana son ribar 300 F. Nawa za a sayar da shi?
4. Kowa ya ja layi shida a kayensa, ya rubuta cinikin da ya yi a wannan mako, ya zo da shi aji.