Hoton Cikin Ido: A Gano Cuta Tun Ba Ta Ci Gani Ba

Jama'ar ƙasar Boɗinga da ta Shagari, wannan takarda taku ce, musamman wanda ya kai shekara 40, namiji ko mace. Akwai ciwon ido da ba ya zafi, ba ya sa ido ja, ba ya kawo kwantsa, amma yana makantarwa. Likitoci sun sami na'urorin da ke ganinsa tun mai shi bai sani ba. Sai dai na'ura ba ta bin mutum gida, shi ne zai je inda take.

Neman maganin ido ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, Shehun da ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya wallafa littattafai kan magani, har da wanda ya keɓe wa ido. Saboda haka wanda ya kai idonsa a duba, hanyar magabata ya bi.

Yana daban, hawan jinin ido daban

Daga 2005 zuwa 2007 an yi binciken makanta a duk faɗin Nijeriya. An samu cewa cikin mutum 100 da suka kai shekara 40, kimanin 4 makafi ne. Kashi 43 cikin 100 na makantar yana ce ta kawo ta, kusan kashi 17 kuma hawan jinin ido ne, wanda likitoci ke kira gilakoma.

Yana tana da sauƙi. Ƙwayar ido ce ke yin hazo, a cire ta a asibiti, a sa ta roba, mutum ya koma gani. Hawan jinin ido ba haka yake ba. A cikin ido akwai wani ruwa da ke ɓuɓɓugowa kullum, yana fita ta wasu 'yan ƙananan kafofi. In kafofin suka cushe sai ruwan ya taru, ya riƙa danne jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa. Jijiyar nan zare ne fiye da miliyan ɗaya a haɗe, kuma duk zaren da ya mutu ba ya dawowa. Ɓarnar irin ta gara ce a jikin azara: daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufto.

Daga gefe gani ke fara tafiya. Mutum yana karatun Alƙur'ani, yana gane fuska, amma yana yawan tuntuɓe, babur ya zo ta gefensa bai gani ba. Binciken nan ya nuna mutum 1 cikin 20 na 'yan shekara 40 zuwa sama yana da cutar, kuma cikin masu ita 100, waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 ba.

Yadda ake leƙa bayan ido

A 1851 wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya fito da madubin da likita ke haska ido da shi ya hango bayansa. Har yau ana aiki da jikokin wannan madubi. Akwai ma ƙarami mai suna Arclight, wanda hasken rana ke caja, an yi shi domin asibitocin karkara inda lantarki ba ya zama.

Daga baya aka sami kyamarar bayan ido. Tana ɗaukar hoton tantanin gani da jijiyoyin jininsa da kan jijiyar gani. Amfanin hoto shi ne ana ajiye shi. In ka dawo baɗi a ɗauki wani, a jera su, a ga ko ɓarna ta ƙaru. Ana kuma iya tura shi ta waya ga babban likita a birni ya duba.

Wadda ta fi su zurfin gani ita ce OCT, wadda James Fujimoto da David Huang da abokan aikinsu suka bayyana a 1991 a jami'ar MIT ta Amurka. Tana aika haske marar ƙarfi cikin ido, ta auna yadda yake dawowa daga kowane rufi na tantanin gani, kwamfuta ta zana su hawa-hawa. Tana auna kaurin da bai kai silin gashi ba. Da haka likita ke gane zaren jijiya ya fara sirancewa, sau da yawa tun kafin gani ya ragu. Ba ta taɓa ido, ba allura, ba yanka, kuma cikin 'yan mintoci an gama.

Masu ciwon suga su ma abin ya shafe su. Suga yana raunana ƙananan jijiyoyin jinin bayan ido har su riƙa yoyo, kuma hoto na nuna ɗigon jinin tun mutum yana gani garau. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata manhajar kwamfuta da ke duba irin wannan hoto da kanta ta faɗi wanda ya kamata ya ga likita.

Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Likita zai auna ƙarfin ruwan ido, ya gwada faɗin ganinka, sannan ya haɗa duka.

Ina za a je?

OCT tana da tsada, a manyan asibitocin ido na birane ake samunta. Amma ba da ita ake farawa ba. Mutumin Dancadi ko Dingyaɗi ko Kajiji ya fara da asibitin gwamnati mafi kusa, ya nemi ma'aikacin ido. In an ga alama za a ba shi takarda zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da sashen ido. Hanyar da ta taso daga Jega ta bi ta Tambuwal da Shagari da Boɗinga, can ta nufa. Abin da ya gagara akan tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Kuɗin mota da na kati abin dubawa ne, gaskiya. To amma a auna su da halin magidancin da ya bar gona, aka cire yaro daga makaranta ya zama ɗan jagora.

Abin da za ka yi

1. In ka kai shekara 40, kai idonka a duba ko ba ya ciwo, ka kuma tambayi ranar da za ka dawo.

2. In hawan jinin ido ya taɓa kama mahaifi, mahaifiya ko ɗan'uwa, gidan duka su je, domin yana bin jini.

3. Mai ciwon suga a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara.

4. Ranar zuwa kada ka tuƙa babur. Akan ɗiga maganin buɗe ido, gani ya yi dishi-dishi na wasu sa'o'i.

5. In an ɗora ka kan maganin ɗigawa, kada ka daina don ba ka ga canji ba. Aikinsa tsare ganin da ya rage. Lokacin azumi ka sa likita ya tsara maka shi da sahur da buɗa-baki.

6. Kada ka sayi maganin ɗigawa a kasuwa ko kemis ba da takardar likita ba. Wasu daga cikinsu suna ƙara ƙarfin ruwan ido.

7. Kada ka bari a soka maka yana da tsinke a gida. Mai yin haka tura ƙwayar yake yi cikin ido, kuma ido da yawa sun lalace ta wannan hanya.

Hakimai da dagatai da limamai, ku taimaka da shela a masallatai da ranakun kasuwa. Magidanta kuma ku bar iyalinku su je, ku ba su kuɗin mota. Kowace shekara, Alhamis ta biyu ta watan Oktoba ita ce Ranar Gani ta Duniya. Wanda bai taɓa kai idonsa a duba ba, kada mai zuwa ta wuce shi. Allah Ya tsare mana ganinmu, amin.