Idan bashin ginin kasuwanci ya maƙale, wa zai ɗauki asara?

Aikina bibiyar bashi ne a banki, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kuma fayil ɗin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne na gini: rukunin shaguna, otal, sito na shinkafa. Gini ba ya biyan bashi, kuɗin haya ke biya. Wanda ya gina masauki a Argungu don baƙin bikin kamun kifi ya ga haka, da bikin ya tsaya kimanin shekara goma sai 2020 ya dawo. Ɗakuna a kulle, ƙura ta rufe katifu, kuɗin ruwa kuwa bai tsaya ba.

Asara ta fara da mai ginin. Ya jinginar da takardar C of O da amincewar gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, don haka ginin ne zai tafi gwanjo. Abin da ya rage bayan gwanjo ya hau kan masu hannun jarin banki. Su suka yarda da ƙiyasin darajar ginin da aka kumbura, su suka ci ribar shekarun daɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Inda ban yarda ba shi ne a juye asarar kan talaka. A 2009 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya zuba naira biliyan 620 don ceto bankuna, a 2010 aka kafa AMCON ta saye munanan basussuka. Har yau ana bin manyan mutane tiriliyoyi. Mai ajiya ma bai tsira gaba ɗaya ba: da aka soke lasisin Heritage Bank a Yunin 2024, naira miliyan 5 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta lamunce wa kowane mai ajiya.

Alhaji mai neman bashin gini, kafin ka sa hannu: kada ka jinginar da gidan gado, domin marayu da mata suna da haƙƙi a ciki. Karanta sashen da ke cewa kai da kanka ka tsaya wa bashin. Idan ka sa hannu a can, bashin zai bi ka har gona da mota. Yi takaful na gobara da ambaliya. Idan bankin Musulunci ne, tambayi musharaka ce ko murabaha: a ta farko ana raba asara gwargwadon jari, a ta biyu bashi ne a wuyanka. Haya ta fara tsinkewa, zo banki tun wata na farko a sake tsarin biya, kafin lauya ya shigo.