Kafin Kamfani Ya Koma Gajimare

Idan ka je SIWES, kana iya jin oga ya ce, "Mu koma gajimare." Nufinsa kamfani ya daina dogaro da sabar ofis, ya yi hayar ma'adana da manhajoji a intanet daga irin su AWS, Microsoft Azure ko Google Cloud.

Da farko a rubuta duk abin da ke cikin sabar: bayanan kwastomomi, albashi, lissafin kaya. Sai a yi kasafi, domin galibi da dala ake biyan hayar, naira kuwa ba ta zama wuri ɗaya. A duba Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje.

Kada a kwashe komai rana ɗaya. A ajiye kwafi, a fara da imel, a gwada, sannan a kwashe lissafi ranar da ba a ciniki. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa. A tanadi layin intanet biyu, don in sabis ya ɗauke, aiki ya tsaya cak. Tsohuwar sabar kuwa, kada a kashe ta sai an tabbatar ko rasit ɗaya bai salwanta ba.